Bin Sawun Mara Lafiya: Yadda Ake Auna Babban Asibiti da Tsarin Tura Majinyata

Duk asibitin da aka gaya wa cewa masu duba aiki za su zo ranar Talata, kafin la'asar ɗin Litinin an share harabarsa, an wanke zannuwan gado, an zuba wa janareta mai, kowa ya fito fes cikin farar riga. Baƙi su zagaya, su sa hannu a littafi, su ci shinkafa, su kama hanya. Abin da aka gano a irin wannan ziyara shi ne asibitin ya iya tarbar baƙi.

Tambayar da ta kamata a amsa daban take. Mace tana ƙauye, naƙuda ta tsaya mata da ƙarfe biyun dare. Awa nawa za a yi kafin ta isa inda za a iya yi mata tiyata? Nawa mijinta zai kashe? Idan an sallame ta, malamar asibitin ƙauyensu za ta san abin da aka yi mata? Wanda ya amsa waɗannan da hujja a hannu, shi ne ya auna asibiti. Na ɗauki Arewacin Najeriya misali, inda babban asibitin ƙaramar hukuma, wanda mutane ke ce wa janaral, yake tsaye a matsayin asibitin gunduma.

Mataki na farko: san wa ke da wane asibiti

Tun taron kiwon lafiya na duniya na Alma-Ata na 1978, da wanda aka yi a Harare a 1987, aka tsayar da magana cewa ƙananan asibitoci da babban asibitin da ke bayansu jiki ɗaya ne. A Nijar an shimfiɗa abin a fili: akwai ɗakin shan magani na ƙauye, sai cibiyar da ake kira CSI, sai asibitin gunduma, sai na jiha, sannan manyan asibitocin ƙasa irin na Yamai da Damagaram. A Najeriya kuwa gidan iyayengiji uku gare shi. Ƙananan asibitoci na ƙarƙashin hukumar lafiya matakin farko ta jiha tare da ƙaramar hukuma, janaral na hannun hukumar kula da asibitoci ta jiha, asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika da na Sakkwato kuma na Gwamnatin Tarayya ne. Mara lafiya ɗaya zai iya ratsa duka ukun cikin kwana guda, kuma babu ofishi ɗaya da zai ce shi ke da alhakin tafiyar.

Saboda haka takardar izini ɗaya ba ta isa. Ka nemi ta ma'aikatar lafiya, da ta hukumar asibitoci, da ta hukumar matakin farko. Idan bincike ne da za a wallafa, a haɗa da amincewar kwamitin ɗa'a. Ka je ka gaida hakimi da shugaban kwamitin lafiya na mazaɓa kafin ka fara shiga ƙauyuka. Kuma ka faɗa wa shugaban asibitin tun farko cewa za ka riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba, har da dare.

Mataki na biyu: lissafin abin da ya kamata a gani

Kafin ka buɗe rijista ko ɗaya, ka zauna ka lissafa yawan aikin da ya kamata ya riƙa isa asibitin. In ba haka ba, duk adadin da aka nuna maka zai yi maka kama da mai yawa.

A ce ƙaramar hukumar tana da mutum 300,000, kuma cikin kowane mutum dubu ana haihuwar jarirai 40 a shekara. Haihuwa 12,000 ke nan. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2009 ya ɗauka cewa kimanin kashi 15 cikin ɗari na masu haihuwa za su gamu da matsala mai bukatar asibiti: mata 1,800. Ya kuma ce idan waɗanda ake ciro wa jariri ta tiyata ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, akwai matan da ke bukata ba su samu ba. Kashi 5 na 12,000 shi ne 600 a shekara, wato 50 a wata. In ka tarar janaral ɗin na yin tiyatar haihuwa takwas a wata, to sai ka nemo sauran arba'in da biyun. Wasu sun wuce birni, wasu sun je asibitin kuɗi. Wasu kuma suna gida da yoyon fitsari, wasu an rufe su.

Ma'aunin ya ƙara da cewa kowane mutum 500,000 na bukatar aƙalla asibitoci biyar masu iya ceton mai haihuwa, ɗaya daga ciki mai yin tiyata da ƙarin jini.

Daga nan ka zana taswira. Sa kowane asibitin sha-ka-tafi, kowane kyamis mai yi wa mutane allura da ƙarin ruwa, da sanannen maɗori da ungozomar gari, domin a zahiri su ne matakin farko na mutane da yawa. Nisa kuwa, kada ka rubuta shi da kilomita. Rubuta shi da awa, sau biyu: na rani da na damina. Kwamitin masana tiyata na mujallar Lancet ya sa awa biyu a 2015 a matsayin iyakar lokacin da ya kamata mutum ya isa inda za a iya yi masa ayyuka uku: ciro jariri, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya huda fata. Garin da kogi ke yanke wa hanya daga Yuli zuwa Satumba, ko wanda direba ba ya yarda ya shiga bayan magariba saboda ɓarayin daji, ka yi masa alama ta daban.

Mataki na uku: fara daga ƙasa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da janaral. Ka zaɓi ƙananan asibitoci shida zuwa goma, na kusa da na nesa, ka fara da su.

A kowanne, ka ƙirga sababbin marasa lafiya na wata uku, sannan ka ƙirga nawa aka tura gaba. Wani bincike da Paul Bossyns da abokan aikinsa suka yi a karkarar Nijar ya nuna cewa idan aka bi ƙa'idar duba mara lafiya sau da ƙafa, kimanin mutum biyu da rabi cikin ɗari ne ke bukatar a tura su asibitin gunduma. Ba doka ba ce, amma ma'auni ne mai amfani. Asibitin da ya ga mutum dubu biyu ya tura uku, ko dai yana riƙe waɗanda suka fi ƙarfinsa, ko yana tura su da baki ba ya rubutawa. Wanda kuma ke tura kashi ɗaya cikin biyar, mai yiwuwa magani ne babu, ko ma'aikacin ba ya kwana a garin.

Nan ne ya kamata ka zauna ka yi hira ta natsuwa, ba da takardar tambayoyi a hannu ba. Bossyns da Wim Van Lerberghe sun wallafa a 2004 cewa malaman asibitin karkara a Nijar na jin nauyin tura mara lafiya gaba saboda tsoron zubewar girma a idon mutanen gari. Duk wanda ya san ƙauyukanmu ba zai yi mamaki ba. Malamin da gari ke kira likita, in ya ce wannan ya fi ƙarfina, gobe a majalisa za a ce ashe bai iya ba. Wani kuma ya taɓa tura mai jijjiga, aka karanta takardarsa a gaban 'yan'uwanta aka ce wane ne ya rubuta wannan shirme. Daga ranar ya daina rubutawa. Irin wannan ba za ka same shi a rijista ba, sai kun sha shayi tare.

Ka kuma duba abin da ake yi wa mara lafiya kafin ya hau mota. Mai jijjiga ana yi mata allurar maganiziyam kafin a tura ta? Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani ana ba shi atesunet, na allura ko na sawa a dubura? Mai zubar jini an sa mata ruwa, an yi mata okzitosin, wato allurar tsuke mahaifa? Buɗe firjin ka gani da idonka, domin okzitosin da ya daɗe a cikin zafi ƙarfinsa raguwa yake yi. Tura mutum ba tare da taimakon farko ba, korar sa ce aka yi cikin ladabi.

Abu na ƙarshe kafin ka tashi: kwafi bayanan duk wanda aka tura cikin watannin ukun. Kwanan wata, shekaru, jinsi, gari, ciwon da ake zato. Ka ba kowa lamba. Sunaye su zauna a takarda ɗaya tilo da za ka kulle, ka ƙona ta in an gama.

Mataki na huɗu: hanya

Masana na maganar jinkiri uku tun rubutun Thaddeus da Maine na 1994: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyar ya fi sauƙin aunawa. Je ka ga motar ɗaukar marasa lafiya, ka ce a tayar da ita. Duba littafin zirga-zirgarta: cikin tafiya ashirin na ƙarshe, nawa ne na mara lafiya, nawa na ɗauko kaya ko kai gawa? Wa ke sayen mai? Direban ina yake kwana? Sannan ka je tasha ka tambayi kuɗin shata zuwa janaral da rana da kuma da dare. A jihohi irin su Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe an taɓa kafa shirin da direbobin ƙungiyar NURTW ke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Tambayi ko akwai irinsa a yankin, ka karɓi lambar direban, ka buga da ƙarfe goman dare ka ji ko za a ɗauka.

Mataki na biyar: ƙofar janaral, da dare

Yanzu ka shiga babban asibitin, kuma zuwanka na farko ya kasance daren Asabar. Ka nemi benci a sashen gaggawa ka zauna da agogo. Daga shigowar mara lafiya zuwa lokacin da ma'aikaci ya taɓa shi, minti nawa? Ana tantance wanda ya fi galabaita a fara da shi, ko kowa layin yankar kati yake bi? Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana a ƙi kula da mai bukatar gaggawa ko da wane dalili, amma ka lura ko ana fara aiki kafin a kawo rasit.

Na taɓa zama irin wannan a wani asibiti da ba zan ambata ba. Da rana an nuna mini ɗakin tiyata tsaf, komai na sheƙi. Da dare aka kawo mai naƙuda, likita na nan, ma'aikacin sa barci na nan, amma makullin ɗakin ajiyar jini na aljihun wanda ya tafi gida, wayarsa a kashe. Sai da aka tura mai babur. A rahoton wata, wannan tiyata an rubuta ta cikin waɗanda aka yi nasara, kuma gaskiya ne an yi. Awa biyu da rabin da matar ta yi kwance a kan gadon turawa ne babu inda aka rubuta.

Game da abin da asibitin ke iyawa, kada ka tambaya "kuna yin kaza?" Kowa zai ce e. Ka ce a nuna maka a rijista ranar ƙarshe da aka yi. Ayyuka tara ake dubawa a ɓangaren haihuwa, kuma sharaɗin shi ne an yi kowanne cikin wata ukun da suka wuce: allurar kashe ƙwayoyin cuta, maganin tsuke mahaifa, maganin jijjiga, ciro mabiyiya da hannu, wankin ciki bayan ɓari, taimaka wa haihuwa da na'urar jawo jariri, farfaɗo da jaririn da bai yi numfashi ba, tiyata, da ƙarin jini. Wanda ya rasa biyun ƙarshe, komai girman allon da ke ƙofarsa, ba inda za a tura mai doguwar naƙuda ba ne.

Jini ya cancanci a tsaya a kansa. Leda nawa ke cikin firji a daren nan, kuma na wane rukuni? Ana ba da jini a biya daga baya, ko sai dangi sun kawo madadi tukuna? Gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nawa ake karɓa? Ka tambayi kuma yadda ake gane zubar jini bayan haihuwa. Gwajin E-MOTIVE da aka wallafa a 2023, wanda asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu suka shiga, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero na cikin jagororinsa, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego tare da ba da magunguna gaba ɗaya ya rage mummunar zubar jini da kimanin kashi 60 cikin ɗari. Idan har yanzu da ido ake kintata jinin, ka rubuta.

A ɗakin yara, nemi abin auna iskar jini da ake maƙala wa a yatsa, ka gwada a naka. Yaron da ma'auninsa ya sauka ƙasa da 90 na bukatar oksijin. Tukunyar akwai iska a ciki? In injin tace iska ne, me ke faruwa idan aka ɗauke wuta? Buɗe famfo ka ga ko ruwa na zuwa. Jadawalin ma'aikata kuma ka gwada shi da fuskokin da ka gani, domin likita shida a takarda kan zama biyu a daren Asabar.

Mataki na shida: haɗa lissafin biyu

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne aka fi tsallakewa saboda wahala. Ɗauko jerin waɗanda ƙananan asibitoci suka turo, ka bi rijistar gaggawa da ta ɗakin haihuwa da ta ɗakin yara, kana neman kowa ɗaya bayan ɗaya. Suna zai ba ka wuya, ga Aisha Muhammad goma a shafi guda, wata kuma a gida Indo ce, a kati Aishatu. Yi amfani da gari da shekaru da kwanan wata.

Mutanenka za su kasu uku: waɗanda suka iso a ranar, waɗanda suka iso bayan kwanaki, da waɗanda babu su sam. Kaso na ukun su ne malamanka. Zaɓi goma ko sha biyar, ka nemi rakiyar ma'aikacin lafiyar garin, ka je gidajensu. In mace ce, mace ta shiga, bayan an nemi izinin maigida. In an yi rasuwa, ta'aziyya ce farko, tambaya sai in sun yarda. Za ka ji dalilai iri-iri: maigida ya yi tafiya babu mai ba da izini, sai an sayar da akuya ranar kasuwa, an ce ciwon ba na asibiti ba ne, ko kuma wancan karon da aka kai yayarta gawa aka dawo da ita. Rubuta kowane kuɗi da suka kashe ko suka ji tsoron kashewa, har da abincin masu jinya.

Sannan ka juya lissafin. Cikin waɗanda aka ba gado a janaral, nawa suka zo da takarda, nawa suka kawo kansu? Idan layin ganin likita cike yake da masu mura da zazzaɓi mai sauƙi daga garuruwan da ke da asibiti, mutane sun yanke ƙauna da na kusa da su ke nan.

Alƙaluma kaɗan sun ishe ka daga rijista. Cikar gadaje: tara kwanakin da marasa lafiya suka yi, ka raba da yawan gado sau kwanakin watan. Mace-macen da suka faru cikin awa 24 da isowa, waɗanda ke nuna ko dai an makara a hanya ko an yi sanyin jiki a ƙofa. Mutuwar mata masu matsalar haihuwa, wadda ma'aunin 2009 ya ce kada ta kai ɗaya cikin ɗari. Sai waɗanda dangi suka sa hannu suka tafi da su gida. Wannan adadi na ƙarshe ka riƙe shi da kyau: asibiti na iya nuna mutuwa kaɗan don kawai ana kwashe waɗanda suka yi nisa kafin rai ya yi halinsa. Ka gwada abin da ka ƙirga da hannunka da abin da aka shigar a DHIS2, wato manhajar da gwamnati ke tattara alƙaluman asibitoci a cikinta. In sun saɓa, rijistar ɗaki ta fi kusa da gaskiya.

Mataki na bakwai: sama da kuma komawa ƙasa

Janaral ma yana turawa. Ɗauki takardu talatin na waɗanda aka ce a wuce da su asibitin ƙwararru ko na koyarwa, ka zauna da likitan da ba na asibitin ba ku duba dalili. Ciwon ne ya fi ƙarfin wurin, ko jini ne babu, ko wuta, ko mai sa barci ya tafi hutu? Ana buga waya a tabbatar da gado kafin mota ta tashi, ko sai an isa a ji babu gado a shiga yawon asibitoci?

Takardar tura mara lafiya tana da ɓangaren da ake cikewa a mayar wa wanda ya turo. Koma ƙananan asibitocin ka ce a nuna maka waɗanda suka dawo. Kada ka yi mamaki in an buɗe durowa ba a sami ko ɗaya ba. Malamin da bai taɓa jin ko zatonsa ya yi daidai ba, ta ina zai ƙaru? Mai hawan jini ko ciwon suga da aka sallama kuma wa zai ci gaba da duba shi?

Mataki na takwas: mayar da bayani

Kafin rahoto ya tafi babban birnin jiha, tara mutanen da abin ya shafa a ɗaki ɗaya: shugaban asibiti, shugabar ɗakin haihuwa, mai kula da jini, malaman ƙananan asibitoci, wakilin direbobi, wakilin hakimi. Sau da yawa ranar ce karon farko da mai turowa da mai karɓa za su ga juna. Kada ka fara da jadawali. Ba su labarin mutum uku da ka bi sawunsu, ba suna ba gari, awa bayan awa, ka bar su su nuna inda aka yi asarar lokaci. Ka kiyaye kama sunan ma'aikaci, in ba haka ba karo na gaba rijistar da za a ba ka an gyara ta.

Raba gyare-gyaren gida biyu. Akwai masu bukatar kasafi, kamar ƙarin likita ko sabuwar mota, waɗanda za a bi ta hukuma ko ta asusun kula da lafiya da dokar 2014 ta kafa, wanda kashi 5 cikin ɗarinsa na jinyar gaggawa ne. Akwai kuma waɗanda za a iya farawa ranar Litinin: waya ɗaya a ɗakin haihuwa da ba a kashewa, lambarta manne a bangon kowane ƙaramin asibiti, makullin jini a hannun mai aikin dare, wanda zai riƙa raba takardun amsa ranar taron wata. Kowane aiki a rubuta sunan mai shi da ranar da zai kammala.

Bayan wata shida ka dawo, ka sake kwafar jerin sababbin waɗanda aka tura daga asibitocin nan dai, ka sake neman su a rijistar janaral. Zuwan farko ya kasance daren Asabar, kuma in zai yiwu a tsakiyar Agusta, lokacin da ruwa ya cinye hanya kuma ɗakin yara ya cika da masu zazzaɓi har ana kwantar da biyu a gado ɗaya.